Hanyar Soldano ko hanyar Mesa: wacce ta fi dacewa da amfi ɗinka mai tsarin 2204?

Salam ɗan uwa, naga tambayarka. In na fahimce ka daidai, ka haɗa amfi (na'urar ƙara ƙarfin sauti) na jita mai bawul irin tsarin Marshall JCM800 2204, wat 50, manyan bawul EL34 guda biyu da ƙanana 12AX7 guda uku, yanzu kana son ƙarin gen sosai, wato ninka sigina har sauti ya murƙushe, amma kana ta waswasi tsakanin ka bi yadda Soldano SLO-100 yake ko ka koma tsarin Mesa Mark. Toh bari na ajiye maka su gefe da gefe, amma tun farko ka riƙe wannan: gen ba shi da wahalar samu, bawul ɗaya ka ƙara ya ishe ka har ya yi yawa. Abin da ya raba amfi biyun nan shi ne a ina ake yanke bes, wato sautin ƙasa mai nauyi, kafin sauti ya murƙushe ko bayan ya murƙushe.

Fara da abin da ke hannunka. A 2204 sigina na shiga mataki na farko mai razista 2.7k da kafasita 0.68uF a katod, ya wuce maɓallin gen, ya faɗa mataki na biyu mai 10k a katod ba kafasita, wannan shi ne wanda aka sa masa bayas mai sanyi da gangan don ya riƙa datse gefe ɗaya na sigina da wuri, daga nan mataki na uku mai 820 ohm, sai katod folowa, sai maɓallan tirebul da midil da bes, sai masta. Kaga kenan gyaran murya yana can ƙarshe bayan an gama murƙushewa. Kuma kowane 12AX7 rabi biyu ne a ciki, duk rabi shidan da ke cikin bawul ukun nan suna aiki, biyu a farko, biyu a tsakiya, biyu na raba sigina wa EL34, babu ko ɗaya da ke zaune banza.

Shi SLO-100 da Mike Soldano ya fitar a 1987 jininsu ɗaya da wannan. Matakan gen huɗu ne maimakon uku, maɓallan murya suna nan a ƙarshe, abin da ya canza shi ne ƙananan lambobi. Razistan filet (inda sigina ke fita daga bawul) na matakin farko 220k maimakon 100k, katod 1.8k da 1uF, sannan matakin mai sanyin nan ya kai shi 39k, kusan ninki huɗu na Marshall, ya kuma ɗora masa ƙaramin kafasita 1nF a kan razistan filet don ya shanye ƙaiƙayin sama. Wannan 39k ɗin za ka sake ganinsa a Dual Rectifier na Mesa da ya zo farkon shekarun 1990, shi yasa in ka ji mutane suna cewa Mesa kada ka haɗa Rectifier da Mark wuri ɗaya, kamfani ɗaya ne amma tunani biyu ne.

Mark kuwa daga Fender ya samo asali, Randall Smith, wanda ya kafa Mesa a Kalifoniya, ya fara da gyara ƙananan amfi na Fender kafin ya soma jera matakai ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka maɓallan tirebul, midil da bes suna nan gaba gaba, bayan matakin farko kawai, tun sigina bai murƙushe ba. In ka murɗa bes a Mark ba nauyin sautin da ke fita kake ƙarawa ba, kana ƙara abin da za ka ɗura wa matakan gaba ne, shi yasa masu kaɗa shi da gen mai yawa suke barin bes a 1 ko 2 wasu ma sifili. Nauyin sai a dawo da shi a ƙarshe da ikwalaiza mai sanduna biyar, 80, 240, 750, 2200 da 6600 Hz, a ɗaga gefe da gefe a danne ta 750 ta tsakiya. Wannan dabara ce mai kyau wallahi, domin mai jita na da iko a wuri biyu, kafin da bayan. A Soldano da Marshall kuwa ikon farko ba a hannun mai kaɗawa yake ba, maƙeri ya riga ya yanke hukunci da kafasitocin da ya liƙa da dalma, sai dai ka buɗe shasi.

Ta fannin sauti, hanyar Soldano tana bada murya mai kauri a tsakiya, mai santsi, nota na daɗewa tana rera, kuma har yanzu za ka ji ƙamshin Marshall a ciki. Mark ya fi bushewa da sauri, in ka danne igiyoyi da tafin hannu kana bugawa sautin na tsayawa cak inda ka tsaya. In irin kiɗan metal mai saurin hannun dama kake so, Mark ya fi. In solo ne da rok mai nauyi, Soldano.

Amma ta fannin aiki tazarar tana da yawa. Don ka bi Soldano, rami ɗaya za ka huda ka sa soket na 12AX7 na huɗu, ka yi amfani da rabi ɗaya, ka canza razistoci kaɗan. Hita ɗinsa amfiya 0.3 ne, yanzu kana jan 3.9, wato 1.5 sau biyu na EL34 da 0.9 na ƙananan, zai koma 4.2, ka duba takardar taransifomarka ko za ta ɗauka. Don ka bi Mark kuwa sai ka kwance kusan duka sashen gaba, ka ɗauke maɓallan murya daga ƙarshe ka kai su farko, sannan ka gina ikwalaiza wanda a Mesa na taransista ne da koyil koyil, yana son tasa wutar mai ƙaramin bolt daban. In ka kwashe maɓallan ka kai gaba baka sa ikwalaiza ba, abin da za ka samu sauti ne siriri mai hanci, babu yadda za ka gyara shi a ƙarshe. Wannan ba gyara ba ne, sabon amfi ne a tsohon akwati.

Yanzu batun bes ɗin da nake ta nanatawa. Na taɓa ƙara mataki a irin amfinka na bar kafasitan haɗi 22nF a ko'ina yadda na same su. Da ƙaramin gen lafiya lau, ina kai maɓalli 7 na bugi igiyar E ta ƙasa sai sautin ya yi burrr ya shaƙe ya ɗauke kamar an toshe masa baki, bayan ɗan lokaci ya dawo. Na ɗora mita a girid, wato inda sigina ke shiga bawul, na gani da idona, duk bugu sai bolt ya nutse can ƙasa ya taso a hankali. Abin da ke faruwa, sigina mai ƙarfi na sa girid ya ja wuta, wutar ta cika kafasitan haɗi, shi kuma ya ture bayas har bawul ya rufe sai ya sauke. Igiyar E ɗin nan Hz 82 ce kuma ita ta fi kowa ƙarfi. 22nF a kan 470k yana barin komai daga wajen Hz 15 ya wuce, in ka mayar da shi 2.2nF yankan na tashi zuwa wajen Hz 150. Guda ɗaya na canza bayan matakin farko, na sa razista 470k daidai a ƙafar girid na mataki mai zuwa, shaƙewar ta tafi gaba ɗaya kuma bes bai ragu a kunne ba, ƙara fitowa ma ya yi. Kuma tsakanin matakai dole ka riƙa zubar da sigina da razista biyu masu raba shi, kowane 12AX7 na iya ninka abin da ya shigo sau 50 zuwa 60, mataki na gaba kuwa bolt kaɗan ya ishe shi.

Duk wadda ka zaɓa, hayaniya na jiranka. Mataki huɗu na ninka ƙugin hita na Hz 50 tare da jita, don haka ka murɗa wayoyin hita da juna ka kwantar da su jikin shasi, in da hali ka ɗaga tsakiyarsu zuwa bolt 40 ko 50 na DC ko ka ba bawul na farko DC zalla. Wayar shiga ta zama mai garkuwa, a haɗa garkuwar da at, wato wayar ƙasa, a gefe ɗaya kawai. Kada wayar filet ta mataki na uku ko na huɗu ta kusanci girid na farko, in ba haka ba za ka ji ƙiii da zarar ka ɗaga gen. Sannan in a nan gida kake, ka san wutar gari ba ta tsayawa a 230, ta sauka 180 hita ya koma ƙasa da bolt 5 maimakon 6.3, sai ka yi ta zargin gyaranka alhali wuta ce. Duk gwajin da za ka yi ka yi shi a kan sitabilaiza.

Ni dai da ni ne kai, Soldano zan bi, saboda rabin hanya ka riga ka taka. Amma kafin ka ɗauki injin huda gwada abu biyu masu arha. Ɗora 0.68uF a kan 820 ohm ɗin mataki na uku, gen zai ƙaru a tsakiya da sama ba tare da bes ya kumbura ba. Sannan sa fedal ɗin Tube Screamer a gaban amfi, gen ɗinsa a ƙasa, lebul a sama, shi dama yana rage abin da ke ƙasa da wajen Hz 720, aikin da maɓallin bes na Mark ke yi kenan. In daga baya har yanzu ranka na son sandunan nan, sa luf, wato mafita da mashigar jona fedal, bayan maɓallan murya ka jona fedal na ikwalaiza irin Boss GE-7, ka samu mafi yawan amfanin ba tare da ka naɗa koyil ko ɗaya ba.

Dan Allah kafin hannunka ya shiga ciki, cire fulogi, sauke manyan kafasitoci ta razista, ka auna ka ga sun sauka, bolt 400 da wani abu na iya zama a ciki bayan an kashe kuma yana kisa. Kada kuma ka kunna shi babu sifika a jone. In ka buɗe, auna min bolt na filet da katod na matakai ukun da na filet ɗin EL34 ka turo, daga nan sai mu san razistan da zai ba sabon matakin wuta.