Hattara da masu tallar fuloti "biya sannu-sannu" a bayan gari

Jama'a, don Allah ku yaɗa wannan, musamman ga mata da 'yan uwanmu da ke neman kuɗi a Legas ko Saudiyya suna turowa a saya musu fili a Kano.

Akwai wasu mutane da ke tallar filaye a Facebook da zaurukan WhatsApp. Cewa suke awon gwamnati ne, hamsin da hamsin, ka ba da kafin alƙalami sannan ka riƙa biya duk wata. Ƙanwata ta faɗa hannunsu da kuɗin gadonta, shi ya sa na san yadda suke aiki.

Ranar wata Asabar suka kwashe ta da sauran masu saye a bas zuwa wata gona da aka share a bayan gari. An kafa turakun siminti an shafa musu farin fenti, kowanne da lambarsa. Jagoransu, cikin farar shadda, ya baje taswira a kan mota: ga masallacin Juma'a, ga makaranta, ga kasuwa, ga titi mai faɗi. Ya dube ta ya ce, "Hajiya, uku suka rage a layin nan, kuma wani Alhaji ya ce gobe zai kwashe." Nan take ta tura kuɗi. Wata takwas tana biya ba fashi. Ranar da ta kai tifar yashi, sai ga wani bawan Allah da takarda irin tata sak, har lambar fulotin ɗaya ce.

Da muka bi diddigi, sai muka tarar rigimar mutum biyu a fili ɗaya ita ce ƙarama. A tsarin hukuma, inda aka sayar mata hanya ce za ta wuce. Layin baya kuwa yana ƙarƙashin babbar wayar lantarki, wurin da doka ta hana gini: mita 15 kowane ɓangare idan layin mai ƙarfin kilovolt 132 ne, mita 25 idan mai kilovolt 330 ne. Taswirar da suka nuna, da masallacinta da kasuwarta, a shagon kwamfuta aka zana ta.

Kada a fahimce ni a baibai, awon igiya ba damfara ba ne a karan kansa. Manomi ya yanka gonarsa ya sayar, mai unguwa ya shaida, haka aka gina unguwanni da yawa a Kumbotso da Ungogo, haka kuma ake yi yanzu ta wajen Gezawa da Dawakin Kudu da Tofa. Illarsa kowa ya sani: lungun da motar kashe gobara ba ta shiga, ba magudanar ruwa, ba filin makaranta, domin mai yanka ba ya son ko taku ɗaya ya tafi a banza. Amma mai saye ya san abin da ya saya, kuɗin ma daban ne. Zaluncin waɗannan mutane shi ne su yi maka awon igiya su sa masa rigar awon gwamnati, a wurin da ba a ware don gidaje ba.

Abin da yawancinmu ba mu riƙe ba shi ne, tun dokar mallakar ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Takardar cinikin da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu shaida ce cewa an yi ciniki, amma ba ta gaya maka abin da aka tsara yi a wurin. Ba ta kuma hana jan fenti a jikin katangarka. Wanda ya yi gini a kan hanya ba da izini ba, bakinsa ba shi da ƙarfi ranar neman diyya. Duk wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 ya ga masu riƙe da takardu a hannu suna kallon katafila, balle mai taswirar shagon kwamfuta.

Kafin ka ba da ko sisi, karɓi lambar tsarin da ta fulotin ka je KANGIS, hukumar ajiye bayanan filaye ta Kano, da ƙafarka a duba sunan wanda ke kan fayil. Ka leƙa KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ka tambaya ko wurin na gidajen zama ne. Ka ɗauki safiyo naka, ba nasu ba, ya auna maka wurin. Ka koma wata rana kai kaɗai ka tambayi manoman da ke maƙwabtaka gonar wane ne. Idan dillali ya fara cewa "ai ba sai an je ba, takardu suna hanya," tashi ka kaɗe rigarka. Kuma kada ka tura kuɗi asusun mutum alhali da sunan kamfani aka yi maka talla.

Maganar ƙanwata tana gaban hukuma, don haka ban ambaci suna ba. Lambobinsu a kashe suke, ofishin da suka kama haya ya zama shagon ɗinki. Makon jiya wani aboki ya turo min sabuwar talla da sunan wani kamfani daban, na buɗe sai ga taswirar nan dai, ko inda aka zana masallacin ba su gusar ba.