Sharhi: Sabon Faifan The Searchers na John Ford

Duk wanda ya san fina-finan kaboyi a waya kawai, ko a tsohon kaset mai dishi-dishi, bai ga aikin mai ba da umarni John Ford ba tukuna. Na tabbatar da haka bayan na sayi faifan 4K na The Searchers, fim ɗinsa na 1956, wanda aka gyara aka sake fitarwa a ƙarshen 2024.

Da kyamarar VistaVision aka ɗauke shi, wadda ke kama hoto mai faɗi da tsabta, kuma gyaran ya dawo da wannan tsabtar. Jar ƙasar Monument Valley, a kan iyakar jihohin Arizona da Utah, ta fito jawur, duwatsun nan sun miƙe zanƙal-zanƙal, mahayan dawaki kuwa sun zama 'yan mitsi-mitsi a gindinsu. A nan gwanintar Ford take. Da inda ya tsayar da mutum a cikin hoto yake ba da labari, magana kaɗan ce.

Akwai wata fitowa da na mayar baya na sake kallo. Martha, matar ɗan'uwan Ethan jarumin fim ɗin, ta ɗauko masa rigarsa ta soja tana shafa ta a hankali. Limamin coci, wanda shi ne kuma shugaban 'yan sintiri, yana tsaye yana shan kofi, ya gani, sai ya kau da kai. Babu wanda ya ce uffan, amma ka gane cewa akwai tsohuwar soyayya tsakanin Martha da Ethan da aka binne. Wannan kunya da kawaici, mu ba sai an fassara mana ba.

An haifi Ford a 1894 a jihar Maine, iyayensa 'yan ci-rani daga Ireland, ya rasu a 1973. Ya shirya fina-finai sama da 140 tun zamanin da fim ba ya magana. Sau huɗu yana cin kyautar Oscar ta ba da umarni, amma ko ɗaya ba ta fim ɗin kaboyi ba ce, abin da har yau yake ba ni mamaki. Shi ne ya ɗaga John Wayne da fim ɗin Stagecoach a 1939, kuma a nan ya ba shi rawa mafi nauyi a rayuwarsa: Ethan, tsohon soja da ya shafe shekara biyar yana neman 'yar ɗan'uwansa da mayaƙan Comanche, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, suka sace, ƙiyayya na cin zuciyarsa har ya ƙudura kashe ta idan ya same ta. Masu ba da umarni Martin Scorsese da Steven Spielberg duk sun sha faɗin irin darasin da suka ɗauka daga wannan fim.

Sai dai tsabtar hoton ta tona wasu abubuwa. Wanda ya fito a matsayin Scar, shugaban Comanche, Bature ne haifaffen Jamus, Henry Brandon, ga shuɗin idonsa nan ƙarara. 'Yan ƙabilar Navajo, masu ƙasar da aka ɗauki fim ɗin, an bar su a baya suna cika fage. Wurin da aka hamɓare wata mata 'yar asalin ƙasar ta gangara daga tudu don a yi dariya ya ɓata mini rai matuƙa. Ford ya nuna munin wariyar Ethan, amma shi ma bai kuɓuta daga zamaninsa ba.

Faifan yana ɗauke da bayanin Peter Bogdanovich, mai ba da umarni wanda ya san Ford ido da ido, kuma ya cancanci a saurara bayan kallon farko. Kuɗinsa da ɗan tsada, kuma sai da na'urar da ke karanta 4K da babbar talabijin. Idan kana da su, ka saya. Idan babu, ka nemi na Blu-ray, amma kada ka fara kallonsa a waya.