Gidan kallon da ake sake duba hukuncin alƙalan zari-ruga a Kano

A wani lungu da ke kusa da titin Gidan Zoo akwai gidan kallon ƙwallo wanda, ban da wasannin Firimiyar Ingila da na Zakarun Turai da kowa ya saba da su, ya ware safiyar Lahadi domin ƙwallon zari-ruga mai 'yan wasa 13, wadda ta fi ƙarfi a Ostireliya da arewacin Ingila. Idan watan Oktoba ya kama, yana nuna wasan ƙarshe na NRL, babbar gasar zari-ruga ta Ostireliya, kai tsaye daga Sidni, wanda a agogonmu yakan fara da misalin ƙarfe tara da rabi na safe, a sauran Lahadin kuwa yana ɗauko tsofaffin wasannin ƙarshe, musamman waɗanda aka tashi ana jayayya kan hukuncin alƙalin wasa, ya haska su daga farko har ƙarshe. A ganina wurin ya cancanci kuɗin da ake biya, wanda bai wuce na kallon wasan Firimiya ba, amma yana da nakasu guda biyu da suka shafi ainihin abin da ake zuwa nema.

Rumfar kwano ce mai benci da fankoki, da allo ɗaya a gaba wanda majigi ke haskawa. Kafin a fara, mai gidan yakan tsaya ya yi wa sababbin zuwa bayanin dokoki: minti 80 ake bugawa, dire ƙwallo a bayan layin abokan hamayya maki 4 ne, bugun da ke biyo bayansa maki 2, kuma kowace ƙungiya tana da damar a kama 'yan wasanta sau shida kafin ta miƙa ƙwallo. Wannan ƙirgen na shida shi ne ginshiƙin wasan, kuma ya yi daidai da yake nanata shi, domin wanda bai fahimce shi ba ba zai gane dalilin da ya sa mutanen Canberra har yau suke jin zafin abin da ya faru a 2019 ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarinsa na nuna wurin da ake jayayya. Ba ya fara wa da hoton da aka rage wa gudu. Sai ya bari an ga abin a gudunsa na asali, yadda alƙalin ya gan shi cikin daƙiƙa ɗaya, ya tsayar, ya tambayi jama'a abin da za su busa, sannan ya sako maimaicin a hankali tare da muryar alƙalin, wadda a wannan wasa ake ji a fili saboda yana ɗauke da makirufo. Mutanen da suka saba da yi wa alƙali ihu a filin Sani Abacha idan Kano Pillars na wasa, a nan sai ka ga sun rabu gida biyu tun kafin a kai ga maimaicin, kuma sau da yawa wanda ya fi ɗaga murya shi ne maimaicin ke ƙaryatawa.

Wasan 2019 tsakanin Sydney Roosters da Canberra Raiders shi ne ya fi cika rumfar. Ana kunnen doki 8 da 8, saura ƙasa da minti goma a tashi, Canberra ta buga ƙwallo sama a kamunta na ƙarshe, aka yi tsalle a kanta, ta dawo hannun 'yan Canberra. Alƙalin wasa Ben Cummins ya kaɗa hannu sama, alamar cewa ɗan Roosters ya taɓa ta, saboda haka ƙirgen shida ya koma sabo. Nan take mataimakansa, ciki har da alƙali na biyu Gerard Sutton, suka sanar da shi cewa a jikin ɗan Canberra ta taɓa, sai ya sauya, ya shiga kiran cewa kamu na ƙarshe ne. Jack Wighton na Canberra, wanda ya riga ya ga alamar farko, ya bari aka kama shi da ƙwallo a hannu maimakon ya buga ta, aka karɓe aka ba Roosters, kuma a wannan harin ne Luke Keary da Latrell Mitchell da Daniel Tupou suka buɗa hanya James Tedesco ya dire. Aka tashi 14 da 8. Wighton ne aka ba lambar gwarzon wasan ta Clive Churchill duk da cewa ƙungiyarsa ce ta sha kashi, kuma rabon Canberra da zuwa wasan ƙarshe tun 1994.

A nan na ga gwanintar mai gidan. Wani matashi ya ce masa, "Yallaɓai, ai tunda ƙwallon a jikin ɗan Canberra ta taɓa, alƙali gaskiya ya bi." Sai ya mayar da hoton baya, ya tsayar da shi daidai inda hannun Cummins yake sama kuma idon Wighton yana wajen, ya ce, "To ɗan'uwa, shi wannan da ya ga hannun, da wace gaskiyar zai yi aiki?" Hukumar gasar, ta bakin jami'inta Graham Annesley, ta tsaya a kan cewa hukuncin da aka ƙare a kansa shi ne daidai. Ni ma na yarda cewa ƙwallon ba ta taɓa ɗan Roosters ba, amma ina ganin an cuci Canberra, domin alamar da alƙali ya bayar umarni ce ga 'yan wasa, kuma ɗan wasan da ya yi aiki da ita cikin hayaniyar dubban mutane bai kamata ya biya kuɗin gyaran da aka yi a bayan idonsa ba. Dokokin wasan ma sun tanadi cewa alƙali ba ya sauya hukuncin da ya yanke kan abin da ya faru, sai idan an sanar da shi wata ƙeta da ta gabata wadda bai gani ba. A shekarar da ta biyo baya gasar ta koma amfani da alƙali ɗaya a tsakiyar fili, ta kuma ba kyaftin damar ƙalubalantar hukunci.

Wasan 1999 kuwa yana nuna shi ne domin a ga hukuncin da ya tayar da ƙura alhali yana kan daidai. St George Illawarra ta tafi hutun rabin lokaci tana gaba da 14 da nema, a gaban mutum 107,999. Saura 'yan mintoci tana gaba da 18 da 14, Brett Kimmorley na Melbourne Storm ya buga ƙwallo zuwa kusurwa, abokin wasansa Craig Smith ya cafe ta a bayan layi, sai Jamie Ainscough na St George Illawarra ya make shi a kai, ya suma, ƙwallon ta suɓuce. Alƙalin wasa Bill Harrigan ya miƙa batun ga alƙalin bidiyo, aka ba Melbourne makin a matsayin hukunci. Abin da mai gidan ya fito da shi, wanda mai kallo ba zai lura da shi da kansa ba, shi ne cewa irin wannan hukunci yana mayar da bugun ƙarin maki zuwa gaban turaku, maimakon gefen fili inda Smith ya faɗi, kuma wannan ne ya sauƙaƙa wa Matt Geyer bugun da ya kai su 20 da 18.

Nakasu na farko ya bayyana ne a wasan 2024, wanda Penrith Panthers ta ci Melbourne 14 da 6 ta ɗauki kofi na huɗu a jere. A farkon zagaye na biyu Jack Howarth na Melbourne ya kutsa bayan layi, alƙali Ashley Klein ya ce an tallafe shi bai dire ba, ɗakin bidiyo na Bunker, wanda aka buɗe a 2016, ya tabbatar da hakan. A hoton da aka watsa sai ka rantse ƙwallon ta taɓa ƙasa, sai bayan wasan hukumar ta nuna wa 'yan jarida hoto mafi tsabta wanda ta ce yana nuna hannun ɗan wasan ne ake ɗauka ƙwallo. Irin wannan shari'a ta tsabtar hoto ce gaba ɗaya, majigin gidan kuwa ya tsufa, ga hasken hantsi yana shigowa ta gefen kwano yana dusashe allon, saboda haka aka yi ta musu a kan abin da babu wanda ya gani sosai. Labule mai kauri kaɗai zai rage matsalar da rabi. Wasan 1963 bai sha wannan wahalar ba, tunda hotonsa tun asali baƙi da fari ne cikin taɓo, kuma na yaba da yadda mai gidan ya kawo ƙorafin 'yan Western Suburbs cewa an riga an kama Johnny King kafin ya tashi ya dire wa St George, aka tashi 8 da 3, sannan ya bayyana cewa zargin caca da aka yi wa alƙali Darcy Lawler zargi ne da ba a tabbatar ba.

Na biyu shi ne sauti. Idan aka ɗauke wuta, janareta yana bayan rumfar kusa da bencin ƙarshe, kuma ƙararsa tana danne muryar alƙali, alhali a wasa irin na 2019 rabin hujjar tana cikin abin da Cummins ya furta da lokacin da ya furta shi. Wanda zai je ya isa da wuri ya zauna a benci biyun gaba, ta ɓangaren da lasifika take.

Ina kuma fatan zai ƙara wasannin Ingila a jerinsa. Wasan ƙarshe na Super League, wanda aka saba yi a Old Trafford tun 1998, yakan faɗo da ƙarfe shida na yammacin Asabar, lokacin da allon ke hannun masu Firimiya kuma magariba ta gabato, don haka ba a nuna shi kai tsaye. Amma babu abin da zai hana a haska tsofaffin ranar Lahadi, kamar na 2009 da Leeds ta ci St Helens 18 da 10 bayan alƙalin bidiyo ya amince da direwar Lee Smith duk da ƙorafin satar gida, ko na 2014 da aka ba Ben Flower na Wigan jan kati a minti na biyu saboda naushin Lance Hohaia. Na yi masa maganar, ya ce yana neman cikakken hoton na 2009 mai tsabta, kuma ba zai sa shi ba sai ya sauya majigi.