Baban da ke gyaran rediyogiram a Sabon Gari: aiki ya yi, amma sai mai haƙuri

Masu tambayata inda aka tayar mana da rediyogiram ɗin gidanmu, to wani dattijo ne a cikin Sabon Garin Zariya, can wani lungu kusa da masu sayar da kayan wuta, shagon ko allo babu, gawarwakin rediyo da ke jibge a ƙofa su ne alamar. Kowa Baba yake ce masa. A taƙaice dai mutumin ya san aikinsa, amma in kai mai gaggawa ne kar ma ka ɓata kuɗin Keke Napep ɗinka.

Don yaran yanzu da ba su san shi ba, rediyogiram wani ƙaton akwatin katako ne mai ƙafafu, gefe guda rediyo, gefe guda garmaho mai juya faifai, sifiku a ƙasa an rufe su da yadi. Kuma Zariya akwai su fa fiye da yadda mutane ke zato, saboda ma'aikatan reluwe da malaman ABU tun da aka buɗe ta a 1962 sun saye su, Turawa ma in za su koma gida sai su sayar. Ka shiga tsofaffin gidaje a Tudun Wada ko Wusasa ko Samaru za ka tarar da shi a kusurwar falo an ɗora masa kuloli da talabijin.

Namu tambarin gabansa ya faɗi tun muna yara, ba wanda ya san sunan kamfanin. Abin da ya fara burge ni shi ne Baba ko kallon soket bai yi ba. Ya durƙusa ya goge maɓallan gaba da bakin rigarsa, waɗannan farare masu kama da haƙoran fiyano, ya karanta AUS, TA, LW, MW, KW, UKW, sai yace "ɗana, wannan ɗan Jamus ne". UKW ɗin nan ita ce FM ɗinsu, KW gajeren zango, MW matsakaicin zango, TA kuma garmaho. Yace da na Ingila ne irin su Pye ko Bush ko HMV mai hoton kare, GRAM za ka gani, wani lokacin ma a gilashin ka ga Home da Light da Third, sunayen tashoshin BBC kafin a canza su a 1967. Daga nan ya juya bayan ya haska da tocilan, sai ga takardar Grundig manne a ciki ta yi ja saboda tsufa.

Shekarun rediyogiram ɗin kuma daga bawul ya kintata, waɗannan kwalaben da ke yin ja in sun ɗau zafi. Ya nuna min ECH81 da EL84 da kuma EM84, ita ce koriyar fitilar nan da ke tsukewa in tasha ta zauna daidai, yace to tsakanin ƙarshen shekarun 1950 ne zuwa tsakiyar shekarun 1960, don bayan nan taransisto ta kori bawul. Ya ƙara da cewa in ka ga garmaho gudu ɗaya kawai gare shi, 78, wato juyi 78 a minti ɗaya, to tsoho ne tukuf, saboda faifan 33 sai 1948 ya fito, na 45 kuma 1949. Namu huɗu gare shi, 16 da 33 da 45 da 78. Wani abu da ke ruɗa masu saye kuma, sunan da ke jikin farantin juya faifai ba lallai shi ne sunan rediyogiram ɗin ba. Mutum ya ga Garrard ko BSR ko Dual sai ya ce ai shi ke nan, alhali waɗannan injin juya faifan kawai suka ƙera aka saya aka dasa.

Sai da ya gama duk wannan sannan ya ba shi wuta, shi ma ba kai tsaye ba. Yana da wani katako da ya kafa wa soket da ƙwan fitila irin na da mai zare, wutar sai ta bi ta ƙwan kafin ta shiga rediyon. Yana kunnawa ƙwan ya haske tar ya ƙi dusashewa, nan take ya zare yace akwai abin da ke shan wuta a ciki, da a gida kuka jona da tiransifomar cikinsa ta ƙone, ita kuwa in ta tafi sai dai a yi ta'aziyya. Ya kuma juya ɗan maɓallin baya daga 220 zuwa 240. Wallahi wannan kaɗai ya isa in ce a kai masa, don na san masu gyara da yawa da jonawa ce gwajinsu na farko.

Abin da ya canza: kondensa na takarda masu kakin nan duk sun tsiyaye, ya sa sababbi. Tayar robar da ke tura farantin ta bushe ƙarau tana santsi, ya ciro wata daga gawar wani. Kan allura na asali ya mutu, yace irin na kiristal ne ba sa jure zafi da laimar damina, ya sa na siramik mai juyawa, gefe LP (wato faifan 33) gefe 78, ya ja min kunne kar a kuskura a ɗora allurar 78 kan faifan 33, kauri gare ta za ta cinye layin.

To yanzu ga inda bai min ba, kuma zan faɗa tsakani da Allah. Lokaci. "Gobe in sha Allahu" ɗin Baba ba ta da ranar zuwa, wayarsa kullum a kashe, sai dai ka taka da ƙafarka ka tarar ya ajiye naka yana hira da tsofaffin abokansa kan wani rediyon daban. Farashi ma babu tsayayye, fuskarka yake kallo, don haka ku yi ciniki ku gama kafin ya kwance ko noti ɗaya. Sannan murfin maɓalli guda ya ɓata a shagon aka maye min da wani baƙi wanda bai dace da sauran ba, har yau in na kalla sai raina ya sosu. Bawul ɗinsa duk na cire-cire ne ba garanti, koriyar fitilar ma dishi-dishi take, yace bai da wata. Yaron shagon kuma ku yi hattara da shi, shi kullum shawararsa a kwashe kayan ciki a sa bod ɗin Bluetooth a goge katakon a shafa fenti mai ƙyalli. Sa'a dai Baba ya kwatse shi, yace in Bluetooth ake so ai ga soket ɗin DIN nan a baya, a jona ta nan ba sai an yanka komai ba.

Sauti kam ba magana. In ka kunna sai ka ɗan jira bawul su yi zafi, sannan murya ta taso a hankali da wani kauri da sifikun roba na yanzu ba su da shi. Mun kama Rediyon Kaduna, mun kama BBC Hausa a gajeren zango da daddare, tashar da tun 1957 irin waɗannan akwatuna ke kamawa. Sai dai FM ɗinsa a 100 ta tsaya kamar da yawa daga cikin tsofaffin 'yan Jamus, duk tashar da ke sama da haka ka manta da ita, kuma in inbata ko cajar waya na kusa sai ƙugi ya cika MW da gajeren zangon.

Yana sayarwa ma, na ga guda biyu a jingine. In za ka saya, a wurinsa ko a ko'ina, ƙwanƙwasa ƙasan katakon ka ji ko gara ta cinye, ka duba gilashin tashoshi don in ya fashe samun irinsa sai an sha wuya, kuma kar a goge cikin gilashin da ruwa, rubutun bin tsumma yake yi. In aka ce maka ɗan Amurka ne ka yi tunani sau biyu, wutarsu 60 Hz ce tamu 50, ko ka sa tiransifoma mai rage wuta farantin zai riƙa jan ƙafa mawaƙi ya koma kamar mai jin barci. Faifai kuma a tsaye ake jera su nesa da taga, zafin bazarar Zariya lanƙwasa su yake, na 78 kuwa faɗuwa ɗaya ya tarwatse.

Ku je da safe, kuma ranar da akwai NEPA, don Baba ba ya gwada garmaho da janareto, yace gudun injin hawa da sauka yake ba zai gane ko farantin na tafiya daidai ba. Ku tafi da faifanku guda na gwaji, nasa duk sun karce.