Mai gyaran kwamfutar Samaru da ya hana ni sayen sabon had dis

Jama'a masu tsofaffin kwamfutoci ƴan kwatano irin tawa, wannan naku ne. Ina da ɗan shagon taifin da fotokofi a Samaru, ɗaliban ABU ne kwastomomina, desktop ɗin da nake aiki da ita kuwa har yanzu Windows 7 ce a kai. Kwanaki ta fara wani iskanci, ka kunna ta nuna tambarin Windows sai shuɗin allo ya fito da lamba 0x0000007B ta mutu ta sake tashi, haka za ta yi ta yi, ga furojet ɗin mutane cike a ciki.

Wani a Sabon Gari ko buɗe ta bai yi ba ya ce wai had dis, wato ma'ajiyar fayiloli, ya ƙone, in kawo kuɗin sabo a yi fomatin. Na ce to bari in shawarta.

Wanda ya gyara min wani bawan Allah ne nan Samaru. Yana kunnawa ya shiga BIOS, wato wurin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, ya ce Malam dubi kwanan wata, na duba na ga ta koma shekarun baya can. Ashe ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke kan madabod, wato babban faifan cikin kwamfuta, ne ya mutu, CR2032 mai bolt 3, shi ke riƙe saitin in an ɗauke wuta, to da ya mutu sai saitin SATA, wato yadda kwamfuta ke karanta had dis, ya koma tsarin AHCI alhali a kan tsarin IDE aka ɗora Windows ɗin tun farko, shi ya sa ta kasa karanta dis ɗin da lafiyarsa ƙalau. Ya sa sabon batir ya mayar da saitin ya gyara agogo, wallahi ta tashi, fayil ko ɗaya bai ɓata ba. Ya ma nuna min yadda ake shiga BIOS ɗin, a danna F2 a Dell, F10 a HP, wasu kuma ATA suke rubutawa maimakon IDE.

Kuɗin batir da ɗan na aiki kawai ya karɓa. Matsalarsa ɗaya ba ya ɗaga waya, kuma shagon ƙarami ne ba wurin zama, in ka je da yamma za ka sha tsayuwa don ɗalibai sun cika shi da laftof. Ku je da safe, wajen ƙarfe tara yake buɗewa.