Gargaɗi ga masu haɗa wuta a mota: a yi hattara da inbata ta jabu da ake tallatawa a intanet

Duk wanda yake shirin sa inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin wutar gida, a motar da zai riƙa kwana ko aiki a cikinta ya yi hattara da wasu 'yan kasuwa da suka cika shafukan Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp da talla, suna sayar da inbata da aka rubuta mata wat 3000 ko 5000 a kan kuɗin da ko rabin farashin ta gaskiya bai kai ba. Abin da ke cikin kwalin ba shi ne aka rubuta a bayansa ba, kuma asarar ba ta tsayawa ga kuɗi, domin wannan na'ura za a ɗaure ta ne kusa da katifa da labule da tankin mai.

A ƙasashen Turai da Amurka da Ostareliya an saba mayar da ƙaramar bas ɗakin kwana, da gado da firji da wurin girki, mutum ya yi nesa da gari yana amfani da wutar batir. A nan wajenmu masu wannan bukata su ne direbobin manyan motoci da ke kwana a hanya tsakanin Legas da Kano, da motocin asibitin tafi-da-gidanka, da masu ɗaukar fim a ƙauyuka, da masu zagaya kasuwanni da lasifika ko sana'ar cajin waya. Dukkansu abu ɗaya suke nema, wato na'urar da za ta mayar da wutar batir mai bolt 12 ta zama irin wutar gida mai bolt 220 zuwa 230, don a jona kwamfuta da fanka da talabijin. Su ne kuwa waɗanda 'yan damfarar suka sa a gaba, saboda sun san mai mota ba ya zama wuri ɗaya, kafin ya gano an cuce shi ya yi nisa.

Salon nasu kusan iri ɗaya ne. Za ka ga bidiyo an jona firji da dutsen guga da talabijin a lokaci guda komai yana aiki, amma ba a nuna maka inda wayar ta fito ba. Za a ce ragin kuɗi ne na kwana biyu kuma saura guda kaɗan. Idan ka yi magana sai a nemi ka tura kafin alƙalami ko kuɗin gaba ɗaya zuwa asusun banki mai sunan wani mutum, ba sunan shagon da ke tallan ba, a ce za a ba direba saƙon a tasha. Wasu daga nan suke yin layar zana, su toshe lambarka. Waɗanda suka fi haɗari su ne masu aiko da kayan da gaske, a kwali mai ƙyalli, da takardar garanti ta shekara ɗaya wadda babu adireshi a jikinta.

Ƙaryarsu kuwa lissafi ɗaya yake tona ta, kuma ina roƙon kowane mai saye ya riƙe shi. A raba yawan wat da yawan bolt, abin da ya fito shi ne amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da na'urar za ta ja daga batir. Inbata mai wat 3000 a kan batir mai bolt 12 za ta ja amfiya 250, idan aka ƙara abin da ke salwanta ya zama zafi a cikinta, wanda yakan kai kashi 10 cikin 100 ko fiye, sai ta doshi amfiya 280. Wannan wuta ce mai yawan gaske, ta ninka abin da altanetar ƙaramar mota take bayarwa. Soket ɗin kunna sigari da ke gaban mota kuwa fiyus ɗinsa amfiya 10 ne ko 15, ma'ana ba zai ba da abin da ya wuce wat 120 zuwa 180 ba. Saboda haka duk inbatar da aka rubuta mata dubban wat amma aka haɗo ta da filogin da ake cusawa a wannan soket, ko da 'yan maƙalai irin na cajin batir, ta riga ta faɗi gaskiya a kan kanta tun ba a kunna ta ba.

A matsayina na mai gyaran wutar mota, an taɓa kawo mini irin wannan na'ura daga wata bas da aka gyara don zagayen duba marasa lafiya a ƙauye. Mai motar ya ce da zarar an jona ƙaramin firjin magani sai ta yi ƙara ta ɗauke. A murfinta an rubuta wat 3000 da manyan lambobi. Da na kwance ta, fiyus biyu kawai na tarar, irin masu launin kore na mota, kowanne amfiya 30. Amfiya 60 sau bolt 12 wat 720 ke nan, kuma shi ne iyakar abin da zai iya shiga cikinta ko da komai nata lafiya lau ne. Kusan rabin akwatin fanko ne, an liƙa wani guntun ƙarfe da gam a gefe don ta yi nauyi a hannu. Robar wayar da ta zo da ita ta riga ta yi laushi ta manne da kafet ɗin da ke ƙarƙashin kujera, kuma a kan wannan kujerar ma'aikata suke zama.

Akwai wata dabarar da ba ƙarya ce tsagwaronta ba amma yaudara ce. Kowace inbata tana da lambobi biyu: ƙarfin da za ta iya ɗauka tsawon lokaci, da ƙarfin da za ta jure na ɗan ƙiftawar ido lokacin da injin firji ko famfo yake tashi, wanda yawanci ninki biyu ne na farkon. Kamfanin kirki yakan rubuta na farko a matsayin sunan na'urar. Maha'inci kuwa na biyun yake bugawa da manyan haruffa, ya ɓoye na farkon a ƙasan takarda, in ma ya rubuta shi.

Sai batun irin wutar da take fitarwa. Wutar gida tana hawa da sauka ne a hankali, sau 50 a kowace daƙiƙa, kuma inbatar da ke kwaikwayon wannan daidai ita ake rubuta wa "Pure Sine Wave", ta fi tsada saboda kayan cikinta sun fi yawa. Mai araha tana fitar da wutar ne da tsalle-tsalle, hawa-hawa. Ƙwan fitila da hita ba su damu ba, amma fanka takan yi gurnani ta yi zafi, lasifika ta riƙa tsaki, injin firji ya wahala, wasu na'urorin caji da na asibiti kuma su lalace. Sayar da mai arahar ba laifi ba ne idan an faɗi gaskiyarta. Laifin shi ne liƙa mata takardar mai tsadar, abin da waɗannan mutane suke yi ba kunya. Ƙaramar mitar da galibin masu gyara suke riƙewa ba ta nuna siffar wutar, don haka a jona fanka a saurara, ko a kai wa mai na'urar da ke zana siffar wuta a allo.

Wayar da suke haɗowa da ita ma algus ce. Amfiya 250 tana bukatar wayar jan ƙarfe mai faɗin murabba'in milimita 70 ko fiye, wadda kaurinta da robarta ya kai na babban yatsa, kuma gajeriya. Tasu ba ta wuce kaurin fensir ba, sau da yawa ma alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe a sama. A kankare bakinta da wuƙa, in ta yi fari to ita ce. Irin wannan waya kusan kashi biyu cikin uku na abin da jan ƙarfe ke ɗauka take iya ɗauka, in aka ɗora mata fiye da haka sai ta yi zafi. Sannan ba sa haɗowa da babban fiyus ɗin da ya wajaba a sa a kan jar waya dab da batir. Ƙa'idar masu haɗa wutar jiragen ruwa a Amurka, wadda masu haɗa motocin kwana suka ara, ta ce kada nisansa da batir ya wuce inci 7, kimanin santimita 18. In babu shi, ranar da gargadar hanya ta sa ƙarfen mota ya yanke robar wayar, batir zai juye ɗaruruwan amfiya a wuri ɗaya, kuma babu abin da zai tsayar da gobara.

Masu sayar da "cikakken haɗi" har da batir sukan yi alkawarin cewa batir ɗaya zai riƙe firji da talabijin da fanka har da guga, dare guda cur. Batir mai amfiya-awa 200 (ma'aunin wutar da yake iya adanawa) a kan bolt 12 yana ɗauke da wat-awa 2400, kuma idan na ruwa ne ko na dalma ba a so a zuƙe fiye da rabinsa in ana son ya daɗe, saura 1200 ke nan. Dutsen guga mai wat 1000 shi kaɗai zai cinye wannan cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. A kuma ɗora shi a sikeli: batirin dalma na gaskiya mai wannan girma yakan kai kilo 55 zuwa 65, wanda ya gaza haka da nisa ko dai ƙarami ne aka canza wa takarda, ko tsoho ne aka wanke aka sake wa fenti. Kada kuma a yarda wani ya jona inbata kai tsaye a batirin tayar da mota, domin za a wayi gari a daji motar ta ƙi tashi.

Wanda zai saya ya je shagon da ke da mazauni, ya ce a jona masa kaya masu nauyin da aka rubuta a gabansa na tsawon mintoci, ya taɓa wayar ya ji ko ta yi zafi, ya karɓi rasit mai ɗauke da sunan na'urar da lambarta da ƙarfinta na dindindin. Idan dole sai ta intanet, kada a biya sai kaya sun iso an gwada, kuma a duba ko sunan asusun ya yi daidai da sunan kasuwancin da aka yi wa rajista. Wanda ya riga ya haɗa irin wannan inbata a motarsa ya cire wayarta daga batir yau, ya kai wa masani ya duba fiyus da kaurin waya kafin a sake kunna ta.

Wanda kuma aka riga aka damfara kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana hoton tallan da hirarsu da shaidar tura kuɗi, ya sanar da bankinsa nan take, ya kai ƙara wurin 'yan sanda. A Najeriya hukumar FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, tana karɓar ƙorafin masu sayayya, hukumar SON kuma ita ke da alhakin kayan da ba su cika ƙa'ida ba. Ya kuma kai rahoton shafin ga dandalin da ya ga tallan, sannan ya sanar da ƙungiyar direbobi ko abokan sana'arsa da hoton na'urar, domin masu wannan harka sukan canza sunan shafi su dawo da kaya iri ɗaya.