Manhajar YouVersion da Shirin Ranar Shari'a: Abin da Na Gani

'Yan'uwana na Zumuntar Mata sun sha tambayata wace manhaja nake buɗewa a waya lokacin nazarin Littafi Mai Tsarki. To ga amsar a rubuce, har da wurin da nake so mu yi hattara.

YouVersion ce. Wata ikkilisiya mai suna Life.Church da ke jihar Oklahoma a Amurka ce ta fito da ita a 2008. Kyauta ce, kuma ba a cusa wa mutum talla a tsakiyar karatu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina, domin mai karanta Zabura 51 yana roƙon gafara bai kamata hoton cacar ƙwallo ya faɗo masa a ido ba. Akwai fassarar Hausa da kunnenmu ya saba da ita a sujada, akwai kuma Sabon Rai Don Kowa, mai sauƙin Hausa, wadda 'ya'yanmu suka fi ganewa. Idan kika sauke fassarar a waya sau ɗaya, shi ke nan, ko babu data ko kina ƙauyen da babu sabis za ta buɗe. Sai a 1932 aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan doguwar wahalar su Dakta Walter Miller na Zariya, kuma a gidanmu muna yara kwafi ɗaya ne tak, Baba yana naɗe shi a leda saboda damina. Yau ga shi a aljihun kowa. Ina gode wa Allah saboda wannan da dukan zuciyata.

Inda ta fi yi mini amfani shi ne da muka ɗauki Matiyu 24 da 25 a zumunta. Akwai wurin jera fassarori biyu a kan aya ɗaya, a ga yadda kowacce ta faɗe ta. Mun bi misalin budurwai goma a hankali: biyar masu hikima sun riƙe mai, biyar ba su riƙe ba, ango ya yi jinkiri, dukansu suka yi barci. Wata mama a cikinmu ta tsayar da mu a nan. Ta ce, "'Ya'yana, ku lura, duka goman suna da fitila." Maganar nan ta zauna mini. Na shafa wa ayar launi, na rubuta maganar Mama a wurin ajiye bayani, kuma tana nan duk lokacin da na koma surar. Haka na tara 2 Korintiyawa 5:10, Ibraniyawa 9:27 da 2 Bitrus 3:18 a launi ɗaya, ina bin su da asuba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Manhajar tana ƙirga kwanakin da mutum ya buɗe ta a jere, ta nuna masa lamba. Na san nufin mai kyau ne, a saba da karatu kullum, kuma ga sabon tuba yana taimakawa. Amma na ga matasa suna aika wa juna hoton lambar a WhatsApp, na kuma ga mai buɗewa daf da sha biyun dare, ta leƙa ayar ranar ta rufe, don kada lissafi ya yanke. Wannan yana damuna ƙwarai. A ƙarshen Matiyu 25, sa'ad da Ɗan Mutum ya ware tumaki daga awaki, abin da ya ambata shi ne mai yunwa, mai ƙishi, baƙo, marar tufa, marar lafiya da ɗan kurkuku. Mun sani ceto ta wurin alheri ne, ba ta ayyuka ba, Afisawa 2 ta faɗa sarai. Amma aya ta 10 ta wannan surar ta ce an halicce mu domin kyawawan ayyuka, Yakubu kuma ya ce mu zama masu aikata Maganar, ba masu ji kawai ba. Waya ba ta san ko na yafe wa matar ƙanen mijina ba. Ba ta san ko na kai wa gwauruwar layinmu abinci ba. Girma cikin ruhaniya a nan ake ganinsa, kuma 'yan'uwa da fasto ne za su iya gani su yi mana gargaɗi.

Wani giɓin kuma, yawancin tsare-tsaren karatu na kullum da Turanci suke. Iyayenmu mata da ba su yi boko ba, ko waɗanda idonsu ya raunana, manhajar Bible.is ta Faith Comes By Hearing za ta fi musu, a kunna musu Sabon Alkawari da Hausa suna tsintar wake suna saurara.

Ina ba da shawarar a sauke YouVersion, musamman ga malaman makarantar Lahadi da masu jagorar nazari. A sa lokacin tunatarwa ya dace da addu'ar safe ta iyali, a kashe data kafin a fara karatu don saƙonni su yi shiru. Ranar Lahadi kuma ni dai da littafina na takarda nake zuwa coci, domin yara na kallon abin da ke hannunmu lokacin wa'azi.